Gudun manyan kwamfutocin bekta: wace lamba ce ta cancanci shiga jadawali?

Ɗalibin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta wani babi a kan manyan kwamfutocin bekta, wato injunan da umarni guda yake sa su yi aiki a kan dogon jerin lambobi maimakon lamba ɗaya, kuma na so in kafa jadawalin da zai nuna yadda gudunsu ya ƙaru tun daga Cray-1 ta 1976 har zuwa Earth Simulator ta 2002. Ma'aunin da na ɗauka shi ne yawan lissafin lambobi masu ɗigo mai motsi da inji ke kammalawa a daƙiƙa guda, wanda ake rubutawa MFLOPS idan miliyoyi ne, GFLOPS idan biliyoyi ne, TFLOPS kuma idan tiriliyoyi ne.

Inda na maƙale shi ne, kowace na'ura tana da lamba fiye da ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin lambobin ba ƙarama ba ce. Cray-1 ana cewa tana kai MFLOPS 160, amma a jerin sakamakon LINPACK, gwajin auna gudun kwamfuta ta hanyar warware jerin lissafan aljabara, da masanin kwamfuta Jack Dongarra ya daɗe yana tarawa an ba ta 3.4 a 1979, sannan 12 a 1983, alhali injin bai canza ba. NEC SX-2 ta Japan ana kiranta mai GFLOPS 1.3, amma a wannan gwajin 46 kawai ta samu a ma'aunin miliyoyi. Cyber 205 ta kamfanin CDC kuwa ƙololuwarta, wato iyakar gudunta, MFLOPS 400 ce, ta ninka ta Cray-1 fiye da sau biyu, duk da haka ina ta cin karo da bayanan da ke cewa a ayyuka da yawa Cray ce ke riga ta gamawa. Sai kuma ga Earth Simulator da ta sami TFLOPS 35.86 daga cikin 40.96, wato sama da kashi 87 cikin ɗari na ƙololuwarta.

Tambayata kashi biyu ce. Wace lamba ya kamata in sa a jadawalin domin kwatancen ya zama na adalci? Sannan zan iya kafa hujja da wancan kashi 87 in ce injunan bekta sun fi sauran injuna cin moriyar ƙarfinsu? Na gode.

Tsohon Ma'aikaci ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambobin da ka kawo duk daidai ne, sai dai ba abu ɗaya suke aunawa ba, kuma idan ka jera su a shafi guda kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, mai karatu zai fita da fahimtar da ba ita ba ce.

Ita 160 ɗin Cray-1 ba sakamakon gwaji ba ce, ƙididdiga ce a kan takarda. Agogon injin yana bugawa sau miliyan 80 a daƙiƙa, kuma bututun tarawa da bututun ninkawa, wato sassan injin da lambobi ke bi mataki-mataki ɗaya bayan ɗaya, kowannensu na iya fitar da amsa ɗaya a kowane bugu, saboda haka sai a ninka 80 da biyu. Wannan iyaka ce wadda injin ba zai taɓa wucewa ba, amma ba wanda ya yi maka alkawarin za ka kai gare ta. Kafin ka kusance ta, dole tarawa da ninkawa su zo daidai wa daida a cikin lissafinka, kuma lambobin su riga sun zauna a cikin rajistocin bekta, wato ƙananan ma'ajiyoyi masu sauri da ke cikin furosesa, waɗanda su takwas ne a Cray-1, kowace tana ɗaukar lamba 64.

LINPACK kuma suna ɗaya ne da ke ɗauke da gwaji uku. Na farko shi ne na jadawalin lambobi mai layi 100 da ginshiƙi 100, kuma ƙa'idarsa ita ce ba a taɓa rubutun shirin, wanda aka yi da harshen Fortran, sai dai a bar kwamfaila, manhajar da ke mayar da shiri zuwa umarnin inji, ta fassara shi yadda ta iya. Wannan ne ya sa 3.4 ta koma 12 a kan inji guda: abin da ya ƙaru wayon kwamfaila ne, ba ƙarfin ƙarfe ba. Na biyu shi ne na 1000 sau 1000, inda aka yarda mai gwaji ya sake rubuta hanyar warwarewa yadda ta dace da injinsa. Na uku shi ne wanda jerin TOP500 na kwamfutoci 500 mafi sauri a duniya ke amfani da shi tun 1993, inda girman matsalar ma mai gwaji ne ke zaɓa, kuma kowa yakan zaɓi wadda za ta kusa cika ma'ajiyar injin. Lambarka ta Earth Simulator daga na uku ta fito, ta Cray-1 da ta SX-2 kuma daga na farko. Wanda ya raba 12 da 160, ya raba 35.86 da 40.96, sannan ya ce inganci ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 87, ya auna tsere biyu ne da ba a fili ɗaya aka yi su ba.

Ya kamata ka duba abin da ke faruwa a cikin ƙaramin gwajin nan, domin a can ne darasin yake. Kusan duk lokacinsa yana tafiya ne a wani ɗan shiri mai suna DAXPY, wanda ke ɗaukar jeri guda, ya ninka shi da lamba ɗaya, ya tara a kan wani jerin. A kan kowace lamba lissafi biyu ake yi, amma sau uku ake zuwa ma'ajiya: ɗauko biyu, mayarwa ɗaya. Cray-1 kuwa ƙofa ɗaya take da ita tsakanin rajistocin bekta da ma'ajiya, kalma ɗaya, wato lamba guda mai bit 64, ke wucewa a kowane bugun agogo. Ke nan ko da komai ya tafi lami lafiya, bugu uku ake kashewa a kan lissafi biyu, wato kusan MFLOPS 53, kashi ɗaya cikin uku na ƙololuwa, tun kafin a cire lokacin kiran shirin da lokacin cika bututu. Da Cray X-MP ta fito a 1982, agogonta bai fi na Cray-1 sauri da wani abin a zo a gani ba, nanodaƙiƙa 9.5 maimakon 12.5, amma an ba ta ƙofofin ɗauko biyu da ta mayarwa ɗaya, sai ayyukan uku suka riƙa tafiya lokaci guda. A ƙololuwa bambancinsu kaɗan ne, a irin wannan lissafi kuwa bambancin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Batun Cyber 205 kuma, Roger Hockney ya ba mu hanyar fahimtarsa da lambobi biyu: gudun da inji ke kaiwa idan jeri ya yi tsawo ƙwarai, da kuma tsawon jerin da ake buƙata kafin a sami rabin wannan gudun. Cyber 205 ba ta da rajistocin bekta, daga ma'ajiya take jawo lambobi ta mayar ma'ajiya, kuma umarni ɗaya na iya cin jeri mai lamba har 65,535. Idan ta miƙe hanya ba a kamo ta, amma tashinta yana da nauyi, domin tsawon rabin gudunta yana kaiwa wajen ɗari, alhali na Cray-1 bai wuce goma zuwa ashirin ba. Bari in ƙago misali don a gani. A ce inji na farko yana kai 200 kuma tsawon rabin gudunsa 100 ne, na biyu yana kai 70 kawai amma nasa 15 ne. A jeri mai lamba 1000, na farko zai ba da kusan 182, na biyu 69. A jeri mai lamba 20, na farko zai faɗo zuwa 33, na biyu yana riƙe da 40. To, a gwajin 100 sau 100 jerin yana farawa ne daga 99 yana raguwa har ya kai 1, saboda haka inji mai dogayen bututu irin SX-2 ba ya samun filin da zai saki jiki. Shawarata ita ce ka buɗe ginshiƙai daban-daban a jadawalinka, kowane gwaji da nasa, kuma kada ka cike gurbin da babu sakamako da lambar wani gwajin.

Mai Rubuta Fortran ya amsa:

Abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ni ina ganin ko ginshiƙai ukun na LINPACK ba su isa ba, domin dukkansu lissafi iri ɗaya ne, kuma iri ne da ke yi wa injin bekta daɗi. Shirye-shiryen da mutane ke gudanarwa a zahiri cike suke da sassan da ba sa karɓar tsarin bekta sam, musamman inda kowace amsa ke jiran wadda ta gabace ta. Saboda haka ne Frank McMahon na cibiyar Lawrence Livermore a Amurka ya tsamo gajerun madaukai, wato sassan shiri da ake ta maimaitawa, daga ainihin shirye-shiryen cibiyar, waɗanda suka kai 24 a rahotonsa na 1986. A kan injin bekta guda, mafi saurin madaukan nan da mafi nawarsu sukan bambanta da ninki gwammai, kuma wannan bambancin shi kansa sakamako ne da ya cancanci a rubuta.

Wurin da ake yawan zamewa shi ne wajen fitar da matsakaici. A ce madauki biyu ne, kowane yana da lissafi miliyan ɗaya, ɗaya yana gudu a MFLOPS 100, ɗayan a 5. Wanda ya tara ya raba biyu zai ce 52.5. Amma na farko ya ɗauki kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, na biyu ya ɗauki kashi ashirin, jimla 0.21 na daƙiƙa a kan lissafi miliyan biyu, wato 9.5 ne gudun gaskiya. Lokaci ake tarawa, ba gudu ba. Wannan ita ce dokar da Gene Amdahl ya bayyana tun 1967: idan kashi 90 na aikinka ya shiga bekta kuma ya ninka sauri sau goma, gaba ɗaya ribarka ninki 5.3 ce, idan kuma rabi ne kawai ya shiga, ba za ka kai ninki biyu ba. A nan hikimar Seymour Cray, wanda ya tsara Cray-1, ta fito, domin Cray-1 ko a lissafin lamba ɗaiɗai ita ce mafi sauri a zamaninta, yayin da STAR-100 ta CDC, wadda ta riga ta fitowa, ta kasa kamo tsohuwar CDC 7600 a wannan fanni.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: mene ne lissafi ɗaya? Injunan Cray na wancan lokaci ba su da umarnin rabawa, sai dai su ƙiyasta kishiyar lambar, su gyara ƙiyasin, sannan su ninka. McMahon ya ƙirga tarawa da ninkawa a matsayin ɗaya, rabawa huɗu, irin su sayin takwas, wani kuma yana iya ƙirga su duka ɗaya-ɗaya. Haka nan lambar Cray mai bit 64 tana ware bit 48 ne ga jikin lambar, ba kamar tsarin IEEE 754 na 1985 mai 53 ba. Sannan ka lura da Cyber 205, wadda a lambobi masu bit 32 take kai 800. David Bailey na cibiyar NASA Ames, a wata maƙala ta barkwanci da ya rubuta a 1991 kan hanyoyi goma sha biyu na ruɗar jama'a da sakamakon gudu, abin da ya fara ambata shi ne a kawo sakamakon bit 32 maimakon na bit 64. Lallai jadawalinka ya faɗi faɗin lambar da aka yi kowane gwaji da ita.

Bari in ba da abin da ya taɓa faruwa da ni. Na rubuta wani shiri mai jadawali 64 sau 64, ina bin sa layi-layi, sai na ga gudun ya zube ba gaira ba dalili, na kwana biyu ina zargin kwamfaila. Ashe laifina ne. Fortran ginshiƙi-ginshiƙi take jera lambobi a ma'ajiya, don haka bin layi yana nufin tsallake kalma 64 a kowane taku, ma'ajiyar kuma an raba ta rumbu-rumbu ne da adadin da ke raba 64 ba saura, sai duk buƙatuna suka riƙa faɗawa rumbu ɗaya suna jiran juna. Na mayar da 64 ta zama 65 a layin da na ayyana jadawalin, ban taɓa komai ba bayan wannan, gudun ya dawo. A Cray-1 rumbunan 16 ne, kowane yana buƙatar bugu huɗu kafin ya sake amsawa, saboda haka tsallaken 16 yana mayar da kai kashi ɗaya cikin huɗu na gudu, tsallaken 8 kuma rabi.

Ɗalibin Lissafi ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, malamai, na fahimci kuskuren da na kusa tafkawa, kuma zan raba ginshiƙan. Amma har yanzu kashi na biyu na tambayata yana nan. Lokacin da Earth Simulator ta hau saman TOP500 a watan Yuni na 2002, ta ninka ASCI White ta Amurka, wadda ta karɓe wa kambu, mai TFLOPS 7.2 kusan sau biyar, kuma wannan kwatance ne a gwaji ɗaya, ƙa'ida ɗaya. Shin ko a nan ma ba zan iya cewa tsarin bekta ne ya ba ta wannan rinjaye ba?

Mai Hasashen Yanayi ta amsa:

Ɗan'uwa, maganarka tana da gaskiya, amma hujjar da ka ɗauko mata ba ita ce mai ƙarfi ba, kuma a nan zan ɗan saba wa masu ɗaukar kashi 87 a matsayin abin tinƙaho na injunan bekta. A babban LINPACK, yawan lissafi yana ƙaruwa ne da girman jadawali ninki uku a kan kansa, kusan kashi biyu cikin uku na n sau n sau n, yayin da yawan lambobin da ake ajiyewa n sau n ne kawai. Idan aka yanka jadawalin gutsure-gutsure, kowace lamba da aka ɗauko sai a yi ta amfani da ita sau da yawa kafin a sake komawa ma'ajiya, don haka ko inji mai raunin ma'ajiya yana iya ɓoye rauninsa a cikin ƙaramar ma'ajiyar kusa da furosesa. Shaida ita ce BlueGene/L ta IBM, wadda ta karɓe kambun a watan Nuwamba na 2004 da TFLOPS 70.72, ba injin bekta ba ce, tarin ƙananan furosesa ne masu matsakaicin gudu, kuma ita ma ta sami kaso mai tsoka na ƙololuwarta. Abin da LINPACK ya nuna game da Earth Simulator shi ne cewa babba ce: furosesa 5,120 a cikin rukuni 640, kowace tana kai GFLOPS 8.

Hujjar da ta fi dacewa da abin da kake son faɗa ita ce shirin kwaikwayon sararin samaniya mai suna AFES, wanda ya gudu a kanta da TFLOPS 26.58, kusan kashi 65 na ƙololuwa, har ya ci lambar yabo ta Gordon Bell a 2002. Wannan aikin kimiyya ne na gaske, kuma a irin waɗannan shirye-shirye injunan da aka gina da furosesa na kasuwa sukan tsaya ne can ƙasa da wannan kaso. Dalilin yana cikin wata lambar da ba ta cikin jadawalinka, kuma ina roƙon ka ƙara ta: bayit nawa ma'ajiya ke iya isarwa a kan kowane lissafi ɗaya. Kowace furosesa ta Earth Simulator tana jan gigabayit 32 a daƙiƙa, idan ka raba da 8 sai ka sami bayit 4 a kan kowane lissafi. Gwajin STREAM na John McCalpin wannan yake aunawa kai tsaye. Mafi shaharar madaukinsa yana motsa bayit 24 domin lissafi biyu, ke nan ko Earth Simulator kashi ɗaya cikin uku na ƙololuwarta za ta samu a kansa, balle injin da ke da rubu'in bayit.

Dongarra da kansa ya ga wannan giɓi, shi ya sa shi da Michael Heroux da Piotr Luszczek suka kawo gwajin HPCG, wanda aka fara fitar da jerin sakamakonsa a 2014. Shi yana warware jadawali ne wanda yawancinsa sifili ne, inda jawo lambobi ya fi lissafin kansa nauyi. Mafi yawan manyan injuna ba sa wuce kashi 3 na ƙololuwarsu a kansa. Fugaku ta Japan, wadda ta sami 442 a LINPACK a ma'aunin dubban tiriliyoyi, 16 ta samu a HPCG, kuma da wannan 16 ɗin ta zo ta ɗaya. Injunan SX-ACE na NEC kuwa, duk da ƙanƙantarsu a TOP500, sun sami kusan kashi 10. Idan kana neman inda tsarin bekta na gargajiya ya nuna fifiko a fili, to ga shi nan.

Sai dai a yi hattara da kalmar bekta ɗin kanta. Furosesar A64FX da ke cikin Fugaku tana da umarnin bekta masu faɗin bit 512, wato lamba takwas a lokaci guda, yayin da rajistar SX-Aurora TSUBASA ta 2018 ke ɗaukar lamba 256. Ko ita SX-Aurora, da ma'ajiyarta mai isar da terabayit 1.2 a daƙiƙa, abin da take da shi bai fi wajen rabin bayit a kan kowane lissafi ba, domin bututun lissafi sun fi hanyar ma'ajiya saurin haɓaka a wurin kowa. A ganina rinjayen Earth Simulator a ayyukan yanayi ya fito ne daga kuɗin da aka zuba a ma'ajiya da hanyar sadarwa tsakanin rukunan, umarnin bekta kuma su ne suka ba ta damar shanye abin da ma'ajiyar ke kawowa.

Tsohon Ma'aikaci ya ƙara da cewa:

Na yarda da Malama, kuma ginshiƙin bayit a kan kowane lissafi zai haɗa farkon jadawalinka da ƙarshensa, domin Cray-1 ma kalma ɗaya mai bayit 8 take isarwa a bugun da take iya lissafi biyu, wato bayit 4, daidai da Earth Simulator, yayin da ƙofofi ukun X-MP suka kai ta 12.

Game da labarin 64 da 65 kuma, ɗan'uwa, idan ka buɗe rubutun gwajin 100 sau 100 za ka tarar ba a ayyana jadawalin da girman 100 ba. An ware masa wuri mai tsawon ginshiƙi 201, an kuma ware wani mai 200, ana gudanar da lissafin a kan kowanne, domin a ga ko tazarar da ke tsakanin ginshiƙai tana taɓa gudun injin. Haka nan duk aikin bai kai lissafi dubu 700 ba, kuma jadawalin bayit dubu 80 ne kacal, wanda daga baya ya riƙa shigewa ɗungurungum cikin ƙaramar ma'ajiyar furosesa ta kwamfutar tebur. Saboda haka a layukan jadawalinka na bayan tsakiyar shekarun 1990, ka bar wannan ginshiƙin a wofi, ka sa ɗan bayani a ƙasa cewa daga nan gwajin ya daina taɓa babbar ma'ajiya.